Sau nawa za a wanke zanin gado, kuma ko a yi wa katifa feshi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 4 kullum sai ya tashi da atishawa da toshewar hanci, kwanan nan kuma ga jajayen ƙuraje a hannunsa da wuyansa. Ni dai wata-wata nake wanke zanin gado tunda ba na ganin datti a jikinsa. Wata maƙwabciyata ta ce kuɗin cizo ne, in fesa fiya-fiya a katifa da filo in rufe ɗakin zuwa dare. Hankalina ya tashi. Sau nawa ya kamata in riƙa wanki, kuma in yi feshin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba yaro lafiya. Feshin nan dai kada ki yi shi, za mu zo kansa.

Wata guda ya yi yawa. Zanin gado da rigar filo sati-sati ake wanke su. In yaro na yawan zufa ko fitsarin kwance, ko wani a gidan na fama da asma ko ciwon fata, a riƙa canzawa duk kwana 3 zuwa 4. Dattin zanin gado ba da ido ake auna shi ba. Zufa ce da maiƙon jiki da ɓurɓushin matacciyar fata, abincin wasu mitsi-mitsin ƙwarin ƙura da ido ba ya gani. Su ba sa cizo, kashinsu ne mutum ke shaƙa ya tashi da atishawa, kuma ruwan sanyi ba ya kashe su. Sai ruwa mai zafin digiri 60. In babu injin wanki, ki haɗa tafasasshen ruwa da na sanyi rabi da rabi, na zafin ya ɗan rinjaya, ki zuba omo ki jiƙa minti 30, nesa da inda yara ke wasa. Ki ɗauraye sosai, don ragowar sabulu ma yana sa ƙaiƙayi. A shanya ya bushe ƙarau kafin a ninke, damshi shi ke kawo fumfuna da wannan warin. In akwai tabon jini, a fara wanke wurin da ruwan sanyi, ruwan zafi kama shi yake yi. Bargo duk wata 1 zuwa 2, filo kansa duk wata 3 zuwa 6 in irin mai wankuwa ne.

Ƙurajen kuma, kafin ki yanke cewa kuɗin cizo ne, ɗauki tocila ki ɗaga katifar ki bi bakin ɗinkinta da tsagogin katakon gado. In suna nan, za ki ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga tawada, ko fararen ƙwai ƙanana, ko ɓawon da suka saɓa. In ba ki ga komai ba, ƙaiƙayin kuma ya fi tsananta da dare, har da tsakanin yatsu, ga wasu a gidan sun fara susa, to ƙazuwa ake zargi, a kai shi asibiti a duba. A nan kowa a gidan ake yi wa magani a lokaci guda, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda aƙalla kwana 3.

Sai maganar fiya-fiya, wadda ta fi komai tayar da hankali a tambayarki. Galibin abin da ake ɗurawa a kwalaben nan marasa suna maganin ƙwarin gona ne, irin su dichlorvos. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar tsayar da wani sinadari da jijiyoyi ke aiki da shi, kuma irin wannan sinadarin ne a jikin ɗanki. Ba sai an sha ba, yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi. Katifa soso ce, ta tsotse shi ta riƙa fitar da shi a hankali, yaro ya kifa fuska a kai awa 9 ko 10. Wai an buɗe taga wari ya fita! Ficewar wari ba ficewar guba ba ce. Mai tallar abin bai san ƙarfin abin da ya haɗa ba, bai taɓa ganin yaro yana dalalar da miyau, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ƙirjinsa na kurari ba. Wasu ma har ƙwayar adana hatsi suke ajewa ƙarƙashin gado, wadda in ta haɗu da damshi take fitar da iskar fosfin mai iya hallaka mutanen ɗaki suna barci. Wasu su haɗa fiya-fiyar da kananzir, ga guba ga gobara. Abin takaici, bayan duk wannan kasadar ƙwan kuɗin cizo na can cikin tsaga, cikin kwana 6 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe, a sake feshi, a ƙara yawan maganin. Haba jama'a, shimfiɗar yaro ba gona ba ce.

Abin da ke kashe kuɗin cizo har ƙwansa zafi ne. Wanki da ruwan zafin nan, a bi ɗinkin katifa da dutsen guga mai tururi a hankali, a kwance gadon a goge tsagoginsa, a liƙe tsagogin bango, a janye gadon daga jikin bango, a maimaita bayan kwana 10. In sun yi yawa a kira ƙwararren mai feshi mai lasisi, a tambaye shi sunan maganin da tsawon lokacin da za a bar ɗakin.

In kuwa an riga an fesa, aka ga yaro na amai, zufa, yawan miyau ko numfashi da ƙyar, a fitar da shi waje, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu.