Me ya sa ƙara buromin bai hanzarta haɗinsa da asiton ba?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar sinadarai ce a Gusau. A ɗakin gwaji mun haɗa asiton da asid da ruwan buromin. Launin ya ƙi gushewa da wuri, sai wani ya ce mu ƙara buromin. Muka ninka, sai ma ya ƙara daɗewa, ga idanunmu suna ta raɗaɗi. Awonmu ne ya ɓaci?

Amsa: Awonku lafiya lau, ɗiyata. Tun 1904 wani masanin sinadarai mai suna Lapworth ya nuna cewa gudun wannan haɗi ya rataya ne a kan yawan asiton da na asid kaɗai. Matakin da ke jan ƙafa shi ne rikiɗewar asiton zuwa inol, wato wata siffa ta asiton da buromin ke iya kamawa nan take, kuma asid ke ingiza shi. Inol na fitowa buromin ke cafke shi. Saboda haka ninka buromin ninka aiki ne, lokacin gushewar launi ya ninku. Ninka asid ki gani, lokacin zai dawo rabi.

Amma wannan "a ƙara" ita ce ke tayar mini da hankali, don kullum ana yin ta. A ruwan buromin mai sirki abin kan tsaya a raɗaɗin ido. Da tsantsar buromin fa? Da farko haɗin kan yi shiru kamar bai kama ba, mai gaggawa ya yi ta zubawa. Alhali duk buromin da ya shiga asiton yana sakin HBr, wato haidurojin da buromin a haɗe, shi kuwa asid ne, yana ƙara haifar da inol. Gudu ya ƙaru, zafi ya tashi, abin da ya taru ya kama lokaci guda. Buromin yana tafasa a digiri 59 na ma'aunin Salshiyos, a zafin bazararmu kuwa tururinsa ba ya jiran wuta. Abin da ke fitowa, buromo'asiton, shi aka yi amfani da shi a matsayin hayaƙi mai sa hawaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ɗigo ɗaya ake sawa, a jira launi ya ɓace kafin na biyu, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da ƙanƙara don sanyaya haɗin, da ruwan sinadarin sodiyam tayosalfet a kusa don kashe buromin da ya zube. In akwatin ba ya aiki, a fasa gwajin, ko an ce maki zai tafi.

Masu cewa a sha madara ko manja bayan an shaƙi tururin, su ji tsoron Allah. Ciki suke zuwa, ɓarnar kuwa tana huhu. A fita iska, a wanke ido da ruwa mai gudana minti 15, mai tari ko nauyin ƙirji ya tafi asibiti ko ya ji sauƙi, domin ruwa kan taru a huhu bayan sa'o'i.