Okarinar ce ba ta da saiti, ko busar ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata shida ke nan da na kamu da son okarina, wato ƙaramin abin busa mai ƙofofin yatsu, kuma yanzu ina da guda biyu. Ɗaya shuɗiya ce ta yumɓu mai ƙofa 12, irin ta wasan bidiyo na Zelda, wadda na saya da araha. Ɗayar kuma tsohuwa ce baƙa mai ƙofa 10, da hatimin Fiehn a jikinta. Da na gwada su da manhajar auna sauti, shuɗiyar tana yin daidai a ƙasa, amma in na hau sama sai huci kawai, tsohuwar kuwa duk sautukanta sun gaza ma'auni kaɗan. Shin duka biyun lalatattu ne? Kuma me ya kamata mai son tara su ya riƙa dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin yanke musu hukunci ɗaya, domin alamun da ka bayyana ba ciwo ɗaya suke nunawa ba, kuma ina kyautata zaton cewa tsohuwar lafiyarta ƙalau.

Sai ka fara sanin yadda abin yake fitar da sauti. A sarewa, tsawon iskar da ke cikin bututu shi ke yanke sautin da zai fito, saboda haka wurin da aka huda kowace ƙofa yana da muhimmanci ƙwarai. Okarina kuwa rufaffen ƙoƙo ce, kuma iskar cikinta gaba ɗaya take motsi, kamar yadda take yi idan ka hura bakin kwalba. Abin da ke yanke sautinta shi ne girman cikinta da jimillar faɗin ƙofofin da ke buɗe, ba wurin da ƙofofin suke ba. Wannan tsari yana da wani sakamako da sababbin mabusa kan jahilta: ƙarfin numfashi yana ɗaga sauti ko ya sauke shi sosai, har ya iya kai rabin mataki (tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautuka biyu a fiyano) ko fiye. Sanyi ma yana sauke shi, shi ya sa ake ɗumama okarina a tafin hannu kafin a auna ta. Ke nan manhajarka kai da okarinar take aunawa tare.

Ga gwajin da zai raba gardama game da shuɗiyar. Ka ɗumama ta, ka tabbatar da cewa naman yatsunka ya toshe kowace ƙofa ba tare da iska tana zurarewa ba, sannan ka hau daga sauti mafi ƙasa zuwa mafi sama, kana riƙe kowanne har allurar manhajar ta tsaya a tsakiya. Abin lura a nan shi ne yawan numfashin da kowane mataki ya nema. Okarina mai kyau tana neman ƙarin iska sannu a hankali, kowane sauti ya ɗara na bayansa kaɗan. Idan ka tarar wani sauti yana neman ka hura da ƙarfi, na gabansa ya nemi ka sassauta, na gaba kuma ka sake tunzurawa, to laifin mai ƙira ne, kuma atisayen shekara ba zai gyara shi ba. Hucin sautukan sama yakan ragu idan ka sunkuyar da kai ka matso da okarinar kusa da ƙirjinka, amma in bai ragu ba, an ɓata tagar sautin, wato ramin da ke kusa da bakin busa inda sauti yake samuwa, ne tun wurin yi. Yumɓu yana tsukewa idan aka gasa shi, don haka maƙerin kirki yakan yi lissafin wannan tun farko kuma ya gwada kowace guda kafin ya sayar. Tun da wasan Zelda mai suna Ocarina of Time na kamfanin Nintendo ya fito a 1998 kasuwa ta cika da kwaikwayon da ake zubawa a mazubi ɗaya ba tare da kowa ya busa su ba. Akwai nagari a cikinsu, amma mafi yawan masu arahar kayan ado ne.

Tsohuwar labarinta daban ne. Maƙerinta, Heinrich Fiehn, a birnin Viyana ya yi sana'arsa tun ƙarshen ƙarni na 19, a lokacin da duniya ba ta haɗu a kan ma'aunin sauti ɗaya ba. Faransa ta tsayar da sautin A a kan kaɗawa 435 cikin daƙiƙa a 1859, wani taro da aka yi a Viyana a 1885 ya amince da hakan, kuma sai a 1939 taron Landan ya ba da shawarar 440 da manhajarka take bi. Tazarar da ke tsakanin 435 da 440 kusan kashi ɗaya ce cikin biyar na rabin mataki. Ka canza ma'aunin manhajar zuwa 435 ka sake gwadawa. Idan sautukan sun jitu da junansu, okarinarka tana kan saitin zamaninta. Matsala za ta taso ne kawai ranar da ka so busa ta tare da fiyano na yau.

Kada kuma ƙarancin ƙofofinta ya sa ka raina ta. Ƙofa 10 ita ce asalin ƙirar Giuseppe Donati, wanda ya fito da ita a garin Budrio kusa da Bolonya a Italiya a 1853 yana ɗan shekara 17, kuma sunan kansa daga karin harshen yankin yake, ma'anarsa ƙaramar dinya. Mai ƙofa 12 ta zo ne daga baya ta hannun Takashi Aketagawa na Japan, wanda ya fara aikinsa a 1928; ƙananan ƙofofi biyu da aka ƙara su ne suke ba alto C, wato matsakaiciyar okarinar da aka saita a kan sautin C, damar sauka zuwa A, ta kama sautuka 21 idan an haɗa da rabin matakai.

Game da tarawa, ra'ayina shi ne gara mutum ya bi dangogi da ya tara goma masu kama da juna. Ya samu ta Italiya, da ta Japan, da 'yar ƙaramar nan mai ƙofa huɗu da ake ratayawa a wuya, wadda John Taylor na Ingila ya tsara yatsunta a 1964, sannan in ya so ya ƙara xun ta Sin, mai siffar ƙwai, wadda ta shekara dubbai kuma ba ta da hanyar iska, bakinta ake hurawa kai tsaye. Kowacce za ta koya masa wani abu da sauran ba za su koya masa ba.

Idan tsohuwa za ka saya, wurin da za ka fara kai ido shi ne leɓen tagar sauti, wato kaifin da iska take bugawa ta rabu biyu. Fenti ya goge ko hatimi ya dushe duk da sauƙi, amma ɓantarewar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba a wannan leɓe tana iya kashe sautukan sama har abada. Ka nemi hotonsa kusa-kusa, ka nemi a busa maka ita daga ƙasa zuwa sama, ka kuma bi ɗinkin da ya haɗa ɓangarorinta biyu ko akwai tsaga ko alamar gam. Suna ma yana yaudara: okarinonin tangaran masu zanen shuɗi da ake kira na Meissen a wannan gari na Jamus aka yi su, amma a masana'antar Freyer, ba a shahararriyar masana'antar tangaran ta garin mai alamar takubba biyu ba. Waɗanda ake tallatawa a matsayin na Maya ko Aztek, tsofaffin al'ummomin yankin Meziko, kuwa ka nisance su, domin jabu sun yi yawa, na gaskiyar kuma dokar Meziko ta 1972 ta mai da irinsu mallakar ƙasa.

Saura batun lafiya. Tsohon fenti da tsohon shafen ƙyalli suna iya ƙunsar dalma, kuma wannan abu ne da ake sa wa a baki. Saboda haka kada ka mai da ta Fiehn abar atisayen kullum, kada ka jiƙa ta a ruwa, ka goge ta da busasshen ƙyalle ka ajiye ta inda ba za ta gogu da wata ba. Don koyo, ka nemi alto C mai ƙofa 12 daga maƙerin da aka sani, ko da ta roba ce, ka maimaita gwajin numfashin nan a kanta, sannan ka dawo ka sake busa shuɗiyar ka ji bambancin da kunnenka.