Campione d'Italia: na Italiya ne ko na Suwizalan?

Malam, ka ce ka ga garin a taswira cikin Suwizalan amma da sunan Italiya, kana tambayar na wa ne. Na Italiya ne, yana ƙarƙashin lardin Como a yankin Lombardiya, sai dai ƙasar Suwizalan ce ta zagaye shi ta ko'ina. Yana gaɓar tafkin Lugano, a gindin tsauni, mutanensa ba su wuce 2,000 ba.

Asalin abin tun shekarar 777 ne. Wani attajiri mai suna Toto ya yi wasiyyar filinsa ga gidan ibadar Sant'Ambrogio da ke Milan. Da garuruwan da ke kewaye suka shiga hannun Suwizalan, Campione ya ci gaba da zama a hannun limaman nan har 1797, lokacin Napoleon. Kalmar "d'Italia" kuwa a zamanin Mussolini aka ƙara ta. Wannan wasiyya tana ba ni mamaki matuƙa, ganin har yau ita ke riƙe da iyakar ƙasa.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar duk mai jin Italiyanci a wurin ɗan Italiya ne. Maƙwabtansu na jihar Ticino ma Italiyanci suke yi, amma 'yan Suwizalan ne. Kuma kada ka dogara da tsofaffin bayanai kan kwastan, domin tun 2020 garin ya shiga tsarin kwastan na Tarayyar Turai.

In ziyara kake nufi, ta ƙasar Suwizalan za ka bi, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadanci kan biza kafin ka sayi tikiti.