Wai wa ya ƙirƙiro kwamfuta ne?

Tambaya: Malam don Allah ka raba mana gardama, a majalisarmu wasu sun ce Charles Babbage ne ya ƙirƙiro kwamfuta, wasu kuma sun dage sojojin Amurka ne. Wanne ne daidai?

Amsa: To ɗan'uwa, kowannenku ya kama wani ɓangare, amma ni in za a tambaye ni, masaƙi zan fara ambata. A wajen 1804 wani Bafaranshe Joseph Jacquard a birnin Liyon ya haɗa injin saƙa da ke aiki da kati mai huji-huji, inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya zauna, kana canza katin zanen yadin ya canza ba tare da ka taɓa injin ba. Ka ga ke nan an fara ba wa inji umarni daga waje.

Wannan dabarar Babbage ya ara a Ingila wajen 1837 da ya zana injinsa na lissafi, yana da wurin ajiyar lambobi da wurin sarrafa su, kuma kati ne zai gaya masa abin yi. Sai dai har ya rasu a 1871 bai gama ƙera shi ba, don tun a kan wani injin da ya fara kafin wannan ya yi rigima da maƙerinsa, gwamnati kuma ta janye kuɗi. Masaniyar lissafi Ada Lovelace ma tsarin lissafin da ta rubuta wa injin a 1843 a takarda ya tsaya.

Wanda ya fara cin moriyar katin sosai shi ne Herman Hollerith a ƙidayar Amurka ta 1890. Kowane mutum katinsa, a sa shi a inji, allurai su sauko, wadda ta samu huji ta wuce ta taɓa zaiba a ƙasa, wuta ta haɗu, hannun wani agogo ya matsa da ɗaya. Kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗe daga baya suka zama kamfanin IBM, wanda ya shahara da ƙera kwamfuta, a 1924.

Masu cewa sojoji ne kuma wata ƙatuwar kwamfuta mai suna ENIAC suke nufi, an bayyana ta a 1946 a jami'ar Fensilbaniya don lissafin harbin igwa, nauyinta wajen tan 30, ƙwayayen lantarki kusan 18,000, kuma mata shida ne ke tsara mata aiki, da hannu suke cire waya suna sokawa, wani lokacin canza aiki ɗaya sai ya ci kwanaki.