Yara da ƙurajen zafi a bazara

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki yi da yaranki, ƙurajen zafi sun hana su barci. Wallahi na tausaya miki, zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu kan haura digiri 40.

Ki riƙa yi musu wanka da ruwan randa bayan Magariba, ki bar su da 'yar shimi ta auduga, man shafawa mai nauyi kuma a ajiye shi tukuna. Mu tsakar gida muke kwana, sai an yayyafa ruwa ƙasa ta huce kafin a shimfiɗa tabarma. Gidan sauro dai dole ne, balle ruwan farko ya kusa. In kika ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ki garzaya asibiti, lokacin sanƙarau ne.