Alkunyar 'yar fari

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce 'yar farinki ta kai shekara 14, amma ko 'yar gardama ta haɗa ta da ƙawa a Islamiyya sai ta dawo ta shige ɗaki tana kuka. Kina tambaya ko alkunyar da kike mata ce ta jawo, ko kuwa haka al'ada ta so budurwa ta zama.

Al'ada ba ta so haka ba. Gaskiya ne uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki gaban mutane. Ni ma har aka kai ni ɗakin miji ban ji sunana a bakin Inna ba. To amma gidanmu na Zariya gidan yawa ne. Abin da Inna ta kawar da kai a kansa, kaka ce ke ɗauka. Tana ce mini kishiya, ina ramawa, a nan bakina ya buɗe. Ga taubasai, ga gaɗa a dandali, inda in rigima ta tashi kan mai ba da waƙa mu muke sasanta kanmu.

Ranar da aka fara aike na awo ni kaɗai, mai hatsi ya tauye mini mudu. Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma tura yayana ba. Ta sake auna geron a gabana, ta ce, "To kishiya, me za ki ce masa?" Na koma ƙafafuna na rawa, na dawo da cikon.

Ke kuwa kina gidan haya a Abuja, daga ke sai maigidanki sai yara. Kin riƙe kunyar, amma babu kaka a tsakar gida, yarinya ba ta da inda za ta sauke magana. Wannan ne ke damuna.

Sunanta dai, ki ci gaba da sakaya shi in kin so. Amma ki zaunar da ita kuna tsintar shinkafa, ki bar ta ta kai ƙarshen zancenta, kada ki riga ta faɗin mafita. Ki damƙa mata kuɗin cefane, in ta yi kuskure ta gyara da kanta. Nana A'isha ma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba.

In an yi hutu ki turo mini ita, ina da kishiya da zan gwada wa baki.