Sauron Legas ya hana mu barci, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni Agege a Legas, shekara ɗaya da rabi kenan. Gidan haya muke irin mai ɗakuna suna kallon juna, mu goma sha biyu muke haɗa bayi da tsakar gida. Sauro ya addabe mu ba rani ba damina, har da rana tsaka cizo yake. Maigida yana yayyafa fiya-fiya da daddare mu kuma kunna igiyar leko, amma yanzu yaronmu ɗan wata biyar ya fara tari. Gidan sauro kuma zafi ba ya barin mu shiga. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya yaro ya ba shi lafiya. Kafin mu je ko'ina, fiya-fiyar nan a daina ta daga yau ɗin nan, ki faɗa wa maigida cikin lallami amma kar ki sassauta. Sinadarin da ke ciki sunansa dichlorvos, shi ne dai na cikin Sniper, maganin ƙwarin gona ne ba na ɗakin kwana ba, hukumar NAFDAC ma ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Yana shiga jiki ta numfashi yana shiga ta fata, jariri kuma numfashinsa ya fi na babba sauri ga shi kullum yana ƙasa ƙasa inda aka yayyafa abin. Ita ma igiyar leko a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga hayaƙi ne kawai kuke ba wa yaron, akwai binciken da aka yi a 2003 da ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya tana kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Tarin kuma a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, kar a tsaya sayen siro a kemis.

Toh yanzu me ya sa sauron can ba ya tafiya hutu kamar na gida? A Kano damina wata huɗu ce haka, daga Yuni zuwa Satumba, da hunturu ya shigo kududdufai sun ƙafe iska ta bushe sai sauro ya ja baya da kansa. Legas kuwa ruwa yana farawa tun wajen Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, abin da ke sauka a shekara ya kai ninki biyu na Kano, ga gari a bakin teku ƙasa ba ta shanye ruwa, ga laima a iska ko da rani. Laimar nan ita ke tsawaita ran sauro, zafin kuma yana gaggauta ƙyanƙyasa, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal. Ki riƙe wannan lissafin, shi ne makamin da za ki yi yaƙin da shi.

Kuma ba sauro iri ɗaya ne ke cizon ku ba. Wanda ke yi miki kiɗa a kunne da daddare, mai ruwan ƙasa ƙasa, yawanci Culex ne, ɗan kwata da sokawe (ramin da ruwan bayi ke taruwa) da masai, duk inda ruwa ya ruɓe nan ne fadarsa, shi ya fi yawa a unguwanni masu cunkoso irin naku amma ba ya ɗaukar maleriya, ga dai fitina da hana barci. Mai maleriyar shi ne Anopheles, cikin dare yake aiki, ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, irin sawun tayar mota ko ramin da magina suka bari. Wanda ke cizon ki da rana a ƙafa da idon sawu, in kin kashe shi ki duba da kyau za ki ga baƙi ne da zane fari fari a ƙafafu, wannan Aedes ne, shi ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, kuma ba ya nisa da inda aka haife shi, da wuya ya wuce 'yan ɗaruruwan mita. Wato in yana cizon ki a tsakar gida, a gidanku ko makwabta ake kiwon sa.

Nan ne aikin yake gaskiya. Mutane suna ƙarar da kuɗi a kan sauron da ya riga ya tashi, alhali ga dubunsa a bayan ɗaki cikin durom yana jiran fuka-fuki. Ki zaɓi rana ɗaya a sati, misali Alhamis da safe tunda dama ranar ce kasuwannin Legas ke tsaftar muhalli ba a buɗe shaguna da wuri, maza suna gida, ki zaga gidan kaf. Durom da bokitai da jarkokin da kuke tara ruwan 'yan ga-ruwa, tsohuwar taya, gwangwanin madara, ledar fiya wata, kaskon ruwan kaji, farantin da ke ƙarƙashin firiji, butar da aka yar, indararon da ganye ya toshe. In kin leƙa kin ga wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil suna nutsewa in inuwarki ta faɗa kansu, to su ne. A zubar a kan busasshiyar ƙasa ba cikin kwata ba, sannan a goge cikin mazubin da soso, don Aedes a jikin bango yake manna ƙwansa daidai saman ruwa kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe, ana sake zuba ruwa ya ƙyanƙyashe. Wannan gogewar ita mutane ke mantawa sai su ce ai mun zubar amma bai ragu ba. Duromin da ba za a iya juye shi duk sati ba a rufe shi ruf, in murfin ba ya zama a ɗaure bakin da ƙyallen tsohon gidan sauro da roba. Tankin sama ma a hau a duba murfinsa, balle yanzu da aka gano wani baƙon Anopheles ɗan Asiya mai suna stephensi a jihar Gombe a 2020, shi a tanki da durom yake hayayyafa kuma yana ɗaukar maleriya.

Sai sokawe. Wallahi a aikin duba-gari na sha shiga gida fes fes ba ko kwalba a ƙasa amma sauro kamar hayaƙi, sai ka zaga baya ka tarar da murfin sokawe ya tsage ko bututun iska a buɗe. Ki tsaya kusa da shi daf da magariba ki gani da idonki, in daga nan suke fitowa a liƙe tsagar da siminti, bakin bututun a ɗaure masa raga. Kuɗin bai kai na feshin wata ɗaya ba in kuka yi karo-karo, kuma dole sai an haɗa kai, gida mai ɗaki goma sha biyu in mutum ɗaya ya bar durom a buɗe ya isa ya ciyar da kowa. Ki fara da matan gidan, su suka san inda kowane bokiti yake. Baƙin mai da wasu ke tuttulawa a kwata ban goyi baya ba, yana kashe tsutsar kam amma rijiyoyin Legas ba su da zurfi, can zai koma. A yashe kwatar ruwa ya gudu ya fi.

Maganar gidan sauro, na san zafin Legas da ɗaukewar wuta ba wasa ba ne, amma yaro ɗan wata biyar ba shi da kariyar da ta kai shi. Ki nemi babba mai kusurwa huɗu a ɗaure shi sama sosai, ya fi mai zagaye shan iska. In sabo ne mai magani a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, rashin yin hakan ne ke sa ƙaiƙayi da zafin fuska har mutane su ce ba ya karɓar su. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, wanki da sabulu mai sauƙi ba omo ko bilic ba, shanya a inuwa, bayan kamar shekara 3 a canza. In da hali ƙaramar fanka mai caji ki sa ta cikin gidan sauron, ta rage zafi, shi kuma sauro ba ya iya tashi a iska mai ƙarfi. Taga a buga mata raga, ƙofa a rufe tun kafin magariba, kayan da aka rataya a bango da tarkacen ƙarƙashin gado a rage su don nan yake laɓewa da rana. In za a yi feshi a yi da na gwangwani da aka yi don ɗaki, a fitar da yaro da abinci, a rufe minti 30 sannan a buɗe iska ta wuce kafin ku shiga, kuma kar ki yi mamaki in wasu sun tashi bayan feshin, sauron yanzu ya saba da yawancin magungunan. Ɗoɗɗoya da ɓawon lemo da ganyen darbejiya suna ɗan kora na ɗan lokaci, ba abin dogaro ba ne har asuba. Manhajar waya mai ƙarar korar sauro kuwa caji kawai take cinye miki.

Abu na ƙarshe da zai ba ki mamaki, duk da yawan sauron nan Legas ce jihar da maleriya ta fi ƙaranci a Najeriya. A binciken ƙasa na 2021 yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka samu da ƙwayar cutar a Legas wajen kashi 3 cikin 100 ne, a Kebbi kashi 49. Don haka ba duk zazzaɓi ne maleriya ba, in jikin yaro ya yi zafi a yi gwajin jini tukuna, na yatsa minti 15 zuwa 20 ne ya fito, kafin a ba shi magani. In ya kai wata tara ki tabbatar an yi masa allurar shawara tare da ta ƙyanda, saboda mai zanen nan da ke cizon ku da rana.